Motar Rimot: A Liƙe Wayar Moto da Dalma Ko A Sa Mata Fulogi?

Daga Tofa zuwa Lambu da Janguza, ba a rasa yaran da suka iya ƙera mota da gwangwanin madara da murafan kwalba. Waɗanda suka ci gaba sukan ciro ɗan injin nan mai juyawa, wanda masu gyara ke ce wa moto, daga mataccen rediyo mai kaset ko DVD, su haɗa shi da batirin tsohuwar laftof, su ɗora masa rimot ɗin wata motar wasa da ta fashe. Amma sau da yawa motar takan yi gudu a gida, ranar baje koli a makaranta kuma ta tsaya cak a gaban malamai. In ka buɗe ta, moto lafiya lau, batir cike. Mahaɗar waya ce ta saki.

Hanyar da aka fi bi ita ce a murɗe waya biyu a naɗe da salatif. Wannan ba ta ma cikin lissafi. Zaɓin na gaskiya biyu ne: liƙi da dalma, ko fulogi mai mace da namiji da ake sakawa a cire.

Ga dalilin da ya sa mahaɗa take da muhimmanci. Duk inda ƙarfe biyu ba su manne sosai ba, wuta takan sha wuya kafin ta wuce, wahalar nan kuwa zafi take zama. A darasin Fiziks an koya mana cewa in wutar da ke bi ta waya ta ninka biyu, zafin yakan ninka huɗu. Moto kuma ya fi jan wuta lokacin tashi, ko in taya ta kafe a yashi, wanda shi ne ruwan dare a hanyoyin gonakinmu. Ƙara da girgiza da ƙurar hunturu da ke shiga cikin fulogi mai arha, za ka ga dalilin da ya sa robarsa take narkewa.

Shi ya sa ni a ganina wayar da ke jikin moto a liƙe ta. Babu abin da zai sa ka riƙa cire moto kullum. Dalmar da ake sayarwa a Sabon Gari da Farm Centre a Kano galibi gaurayen kuza da dalma ce, tana narkewa a wajen digiri 185, kuma ƙarfen liƙi mai wat 30 ko 40 ya wadatar. Goge bakin wayar ya yi haske, shafa masa dalma tukuna, sannan ka ɗora shi a kunnen moto na daƙiƙa biyu zuwa uku. In ka daɗe, robar da ke riƙe kunnen za ta narke, moton ya tashi aiki. Liƙi mai kyau yana sheƙi. Wanda ya yi dunƙule kamar kashin akuya bai kama ba. In babu wuta a unguwa, kai wa mai gyaran waya ko rediyo a kasuwa, minti biyar ya gama.

Batir kuwa labarinsa daban. Irin na laftof, mai lamba 18650, bolt 3.7 yake bayarwa, kuma in wayoyinsa biyu suka haɗu yana iya kamawa da wuta. Dole ka iya raba shi da motar nan take, kuma dole ka cire shi don caji. A nan fulogi ne sarki. Masu manyan motocin tsere a Turai da Amurka suna amfani da irin su XT60 da Deans, waɗanda ba sa shiga a juye. Motarka ƙarama ce, ɗan fulogin JST ya isa. Sa macen a ɓangaren batir don kada tsiraran ƙarafa su taɓa juna. Kada kuma ka ɗora ƙarfen liƙi a jikin batirin kansa; sayi gidan batir ka liƙa waya a can.

Kafin ka liƙe moto, gwada ka gani. In ka danna gaba motar ta yi baya, sauya wayoyin biyu kawai.

Dalma guba ce. Ita ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Kada ka riƙe ta da haƙori kamar yadda wasu ke yi in hannu ya cika, yi aikin a inda iska ke kaɗawa, sannan ka wanke hannu da sabulu kafin ka sa shi a kwanon tuwo.