Zaƙami: Sunansa Ya Riga Ya Yi Mana Gargaɗi

A damunar bana na iske yara a wani kango kusa da gidana a Badawa suna fasa 'ya'yan zaƙami masu ƙaya. Da na tsawata musu, sai wani matashi ya ce ai ƙwayar ce kaɗai mai illa, ganye da fure ba komai. Wannan kuskure ne mai iya kai mutum kabari.

A matsayina na manazarcin harshe, sunan na fara dubawa. Magabatanmu sun kira shi haukata-yaro, kamar yadda Dalziel ya rubuta a littafinsa na sunayen tsirrai a 1916. Ba su ware ganye ko saiwa ba, tsiron ɗungurungum suka sa wa suna.

Kimiyya ta gaskata su. Dafinsa, wato sinadaran atrofin da hayosiyamin da sikofolamin, a saiwa yake haɗuwa, ya bi kara zuwa ganye da fure, ya fi taruwa a ƙwaya. Yawansa kuwa yana sauyawa daga tsiro zuwa tsiro, don haka masu zuba shi a zoɓo ba su da ma'auni. Alamominsa su ne bushewar baki, buɗewar ƙwayar ido, saurin bugun zuciya da sambatu. A 2019, garin kunu da ya gauraya da shi ya hallaka mutum biyar a Karamoja ta Yuganda.

Jama'a, mu tumɓuke shi daga kangwayenmu kafin ya zubar da iri. Wanda ya sha kuwa, a garzaya da shi asibiti. Allah Ya tsare mana zuriya.