Limamin Kiristan da Ya Ƙi Sa Sunansa a Kan Aikinsa

Duk ɗan kasuwar da ya bi hanyar Agadas, ya ratsa Arlit da Assamaka zuwa Tamanrasset sarin dabino ko taliya, ya taka garin da wani limamin Kirista Bafaranshe, Charles de Foucauld, ya zauna daga 1905 har aka kashe shi ranar 1 ga Disamba, 1916. Ya iso ne shekara uku bayan yaƙin Tit, ƙauyen da ke arewa da garin, inda sojan Faransa suka karya Buzaye. Abokin hafsoshin mulkin mallaka ne, wannan ba a ɓoye yake ba.

Abin da ya cinye shekarunsa shi ne ƙamus na Buzanci da Faransanci, shafi sama da 2,000, duk da hannu ya rubuta, ba ciniki ba riba. A aƙidarsa, Yesu ya daɗe yana aikin kafinta a Nazarat ba wanda ya san da shi, saboda haka aikin da aka yi a ɓoye ibada ne.

Mu da ko buhun gero sai mun rangaɗa masa sunanmu, sai mu ji wannan: littafin da ya fito a 1908, sunan abokinsa marigayi Motylinski ya sa aka buga a kai. Cikakken ƙamus ɗin kuwa bai fara fitowa ba sai 1951, shekara 35 bayan mutuwarsa.