Kyanwar sito ta hana ku barci da kuka? Kada ka yi saurin zare sakata



Yau maganar kyanwa za mu yi. Kada ka yi dariya tukuna. Duk wanda ya fara kiwon kaji ko kifi a gida ba ya wata uku sai ɓera ya gano inda yake ajiye abinci, kuma shawarar farko da maƙwabta za su ba shi ita ce ya nemo mage. Sai ya nemo, ya sa ta a sito, ya ja ƙofa. Kwana biyu lafiya lau. A dare na uku sai ta zauna a bakin ƙofa ta shiga kuka, tana yaƙushin katako, har gari ya waye. Masu gida ba barci, maƙwabta sun fara magana, wata tsohuwa ma ta ce ita dai wannan kuka bai yi mata kama da na kyanwa ba.

Ni ma na taɓa shiga wannan hali a shekarar da na fara. Ina da 'yan tsakin buroila 'yan kwana shida a ɗakin da ke jikin sito, na kewaye su da kwali, ƙasan ƙofar kuma akwai 'yar kafa da ban ɗauke ta a bakin komai ba. Wajen ƙarfe uku na dare uwargida ta ce, "Malam, don Allah je ka buɗe wa dabbar nan mu samu mu runtsa." Na tashi cikin magagi na buɗe, na koma na kwanta. Da safe na tarar da tara a kwance. Biyu kawai ta ci, sauran kashewa ta yi ta bari. Na ɗauki sanda, sai kuma na ajiye, don ni na zare sakatar da hannuna. Bahaushe da ya ce ana muzuru ana shaho ai ya san abin da ya gani. Wadda muke kira kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi, a gaban mutum ne take haka. A gaban ɗan tsako mafarauciya ce, ko ta ƙoshi ko ba ta ƙoshi ba.

To me za a yi da kukan? Kafin ka yi tunanin horar da ita, fara bincika ko tana da gaskiya, don sau da yawa tana da ita.

Shiga sitonka da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, ka rufe ƙofa, ka tsaya minti biyar a ƙarƙashin kwanon nan. In kai ba ka iya ba, ita ma ba za ta iya ba. Ɗakin da za a rufe kyanwa yana buƙatar taga mai raga da iska ke shiga, da ruwan sha da ba ya yankewa. Sannan ka tuna abin da ka zuba a ɗakin. In ka fesa fiya-fiya, ko ka sa ƙwayar fostoksin a buhunan masara saboda ƙwari, ɗakin nan ba na zaman mai rai ba ne. Iskar da ƙwayar ke fitarwa tana kashe mutum ma, balle kyanwa. Wadda ke kuka a irin wannan ɗaki ceton ranta take nema, fito da ita nan take. Haka nan wanda ya ajiye kyanwa kuma ya barbaɗa gubar ɓera, ya sani in ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya tafiya. Zaɓi ɗaya.

Sai yunwa. Akwai wata fahimta da ta zauna a zukatan mutane cewa in ka ciyar da mage ba za ta kama ɓera ba. Ba haka ba ne. Farauta a jininta take, ƙosasshiya ma tana yi, kamar yadda 'yan tsakina suka shaida. Mai jin yunwa ita ce za ta dage sai ta fita, kuma in ta fita akurki za ta nufa. Kyanwa mai cin nama ce, tuwo da miya kaɗai ba sa riƙe ta, abincin kaji kuwa ba nata ba ne. Kan kifi dafaffe, kayan cikin kaza da aka dafa, ɗan ƙwai, sau biyu a rana. Dukanmu mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha har ta mutu, da abin da ya same ta. Wanda zai rufe dabba ya ɗauki nauyin cikinta.

Wurin bayan gida ma dalili ne babba da ba a cika kula da shi ba. Kyanwa tana da tsabta, tana son ta tona ta binne. In babu inda za ta yi, ko dai ta yi ta kuka a ƙofa, ko ta hau buɗaɗɗen buhun dusa ta biya buƙatarta, ka wayi gari ka ɗebo wa kaji da awaki. Samo tsohon baho mai faɗi, zuba yashi, ajiye shi a lungu nesa da buhuna da kuma kwanon abincinta, a kwashe kullum. Na ce kullum ne da dalili. Kashin kyanwa yana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta, toksofilasma, wadda ke sa tumaki da awaki ɓari, tana kuma yi wa jaririn da ke ciki illa in mace mai juna biyu ta kamu. Ƙwayar tana buƙatar kwana ɗaya zuwa biyar a waje kafin ta iya kama wani, shi ya sa kwashewar kullum ke rage haɗarin sosai. Kuma mai ciki ba ita za ta yi wannan aiki ba, ko da kyanwar tata ce.

Akwai kukan da na rashin lafiya ne. Wanda ya fi gaggawa shi ne na muzurun da ke tsugunawa a yashi yana yunƙuri yana kuka, fitsari ba ya fita ko sai ɗigo. Mafitsararsa ta toshe ke nan, kuma cikin kwana biyu zuwa uku yana iya mutuwa. Wannan na likitan dabbobi ne, yau ba gobe ba. Kuma don Allah kada wani ya ce bari ya ba shi farasitamol ya samu sauƙi. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Amma a gaskiya, mafi yawan kukan da ke hana unguwa barci na neman barbara ne. Macen kyanwa tana iya fara nema tun tana wata biyar ko shida, wata ma tun wata huɗu. Za ka ga tana birgima a ƙasa, tana goga jiki a ƙafarka, tana ɗaga ƙugu ta kawar da wutsiya gefe, ga wani dogon kuka kamar na jariri. Yakan ɗauki kamar mako guda, in ba ta samu namiji ba ya lafa, bayan mako biyu ko uku ya dawo. A ƙasashen sanyi abin yana tsayawa lokacin da rana ta gajarta, mu kuwa da tsawon yininmu ba ya canzawa sosai, kusan duk shekara tana iya yi. In ka buɗe mata, bayan kwana 63 zuwa 65 za ka samu 'ya'ya uku, huɗu ko biyar a bayan buhunanka, kuma uwa mai shayarwa ta fi kowace kyanwa ɓarna a gidan kaji. Ga kuma muzuran unguwa da kukan ke kirawo maka kan katanga. Shi namijin in ya ji ƙanshin mace a waje ba ya zama, zai yi ta kuka yana fesa fitsari mai wari a bango da buhuna.

Wannan ba a maganinsa da tsawa ko duka. Maganinsa aikin likitan dabbobi: a fiɗiye namiji, macen kuma a yi mata aikin hana haihuwa. Na namiji ƙaramin aiki ne kuma ya fi araha, shi ya sa nake ba mai farawa shawarar ya ɗauki ɗan muzuru ɗan wata biyu ko uku, ya taso a siton, a fiɗiye shi kafin ya balaga. Fiɗiya ba ta hana shi kama ɓera. Masu yi wa kyanwa allurar tazarar haihuwa ta mata su daina, tana jawo mata ruɓar mahaifa da ƙari a nono. In ka je wajen likita ka haɗa da allurar rigakafin ciwon haukan kare, don kyanwa ma tana kamuwa tana kuma sa wa mutum.

Yanzu a ce duk ka duba waɗannan, ɗaki da iska, ciki a ƙoshe, yashi da tsabta, an yi aiki, amma har yanzu tana kuka a ƙofa. To wannan kai ka koya mata. Ranar da ta yi kukan minti goma ka buɗe, ta gane kuka na buɗe ƙofa. Ranar da ka daure har minti arba'in sannan ka gaji ka buɗe, ka koya mata darasin da ya fi wancan muni: in ba a buɗe ba a ƙara dagewa. Ko tsawar da kake daka mata daga ɗaki, a wajenta amsa ce.

Abin da ya yi mini aiki shi ne na sa mata lokacin fita guda, na kuma riƙe shi. Da hantsi, bayan na gama ba kaji abinci na rufe ko'ina, nakan buɗe mata ta yi yawonta a tsakar gida ina wurin. Ba na buɗewa tana cikin kuka, sai ta yi shiru ko na ɗan lokaci ne. Da magariba, lokacin da jikinta ke tashi da son farauta, sai yara su ɗaura tsumma a igiya su ja mata ta yi ta bi har ta gaji, sannan a kaɗa kwano a ba ta babban abincinta a cikin sito, a rufe. Bayan 'yan kwanaki da ta ji ƙarar kwanon da kanta take shiga. Na kuma kafa mata katako a jikin tagar raga inda take hawa tana kallon waje, wannan kaɗai ya rage kukan rana.

Ka shirya wa abu ɗaya: daren farko da na biyu da ka ƙi buɗewa kukan ƙaruwa zai yi. A nan mafi yawan mutane ke karaya. Ka gaya wa mutanen gida tun da rana, in da hali ka ba maƙwabcin da kuke katanga ɗaya haƙuri, don mutum ɗaya ya tausaya ya buɗe, an koma farko. Tawa ta ɗauki kusan mako biyu. Babbar kyanwar da ta saba yawon unguwa kuwa, wata ba za ta taɓa yarda da kulle ba. Irin wannan gara ka huda mata 'yar kafa a ƙofar sito ta riƙa shiga da fita, ka mayar da ƙarfinka wajen tsare kajin.

Kuma ko da wace irin kyanwa gare ka, tsaron nan dole ne, don in taka ta horu ta maƙwabci ba ta horu ba. Ɗakin 'yan tsaki a sa masa ragar waya mai ƙananan ido a taga, a toshe ƙasan ƙofa, a duba tsakanin bango da rufi. Manyan kaji ba ta cika taɓa su ba, haɗarin yana makonnin farko ne. Amma ɗan tsakon da ta ciza ta saki, ko raunin bai kai komai ba, sau da yawa ba ya kwana biyu, saboda bakin kyanwa na ɗauke da ƙwayar cuta irin wadda ke kawo kwalarar kaji. Masu kifi kuma ku rufe robobin ƙananan tarwaɗa da raga, don in sun taso sama cin abinci hannu ɗaya take sa wa. Tankin da ruwansa ya yi ƙasa shi ma a rufe, in ta faɗa ba ta iya fitowa, ka rasa kyanwa ka kuma ɓata ruwa.

Wani abu da nake gani a gidaje da yawa shi ne jefa wa kyanwa mushen kaza. A daina. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Najeriya a jihar Kaduna a 2006, tana kama kyanwa tana kashewa. A 2023 kyanwoyi da dama sun mutu da ita a ƙasar Folan, a 2024 kuma an ga haka a gonakin shanu a Amurka. Bayan haka, kyanwar da ke yawo daga wannan akurki zuwa wancan tana kwaso ƙazanta a ƙafa kamar yadda takalmin baƙo ke yi. Mushe a binne shi da zurfi ko a ƙone.

Kada kuma ka ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. Ƙananan ɓeraye tana maganinsu, amma gafiya da manyan ɓerayen kwata yawanci kallonsu take yi su wuce. Ɗora buhuna a kan katako, ka janye su daga jikin bango, abincin da aka buɗe a juye a durom mai murfi, a share wanda ya zube kafin dare. Ni tun da na koma durom ɓerayen suka ragu har ta kai wata rana sai ta yini ba ta kama ko ɗaya ba, tana kwance a kan katakonta tana kallon tantabarun maƙwabci ta cikin raga.