Me ya sa labaran siyasa ke hana barci?

An fi ɗora wa hasken waya laifi, kuma yana da nasa, domin yana jinkirta fitar melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki dare ya yi. Amma babban mai laifi shi ne abin da ake karantawa. Cacar baki kan zaɓe a Facebook ko WhatsApp kan sa jiki ya saki adrenalin kamar an ga haɗari, mutum ya yi ta juyi a katifa yana tsara martani. In ga goro ko shayin bayan isha'i, abin ya ƙara ta'azzara, don rabin sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana nan cikin jini bayan kusan awa 5.

Wani zai ce ɗan ƙasa nagari ba ya kawar da kai, balle inda tsaro ya taɓarɓare. Haka ne. Sai dai in abin gaggawa ne, ɗan'uwa zai kira ka. Sauran kuwa rediyo zai kawo da safe, bayan an tantance. Babba na buƙatar barcin aƙalla awa 7. Awa guda kafin kwanciya, a sa waya caji nesa da gado.