Likitan Riyadh Mai Neman Jariran Da Aka Haifa Ba Garkuwar Jiki

Har zuwa shekarar 2019, duk jaririn da aka haifa a ƙasar Saudiyya, ko a unguwar Suwaidi ta birnin Riyadh ko a wani ƙauye mai nisa, akan yi masa allurar rigakafin tarin fuka, wato BCG, tun kafin a sallami mahaifiyarsa. A wannan shekara ce hukumomin lafiya suka ɗage allurar zuwa wata shida. Dalilin kuwa yana da nasaba da wata cuta ta gado wadda Dakta Hamoud Al-Mousa ya shafe shekaru yana bin diddiginta.

Shi dai Dakta Al-Mousa likitan yara ne, ƙwararre kan cututtukan garkuwar jiki da ƙyan jiki, a babban asibitin ƙwararru da bincike na Sarki Faisal da ke Riyadh, wanda aka buɗe a 1975. Cutar da ta fi ɗauke masa hankali, wadda likitoci ke kira SCID, ita ce ta jaririn da ya zo duniya ba shi da ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. A ido lafiyarsa ƙalau. Bayan 'yan watanni sai gudawa da ciwon huhu da ciwon baki su yi ta bin juna, kuma idan ba a yi masa dashen ɓargo ba, da wuya ya cika shekara biyu. Ga irin wannan jariri, ƙwayar cutar da aka raunana a cikin allurar BCG kan iya bazuwa a jikinsa, ta zama ajalinsa.

Abin da ya bambanta Saudiyya da ƙasashen Turai shi ne auren zumunci, domin fiye da rabin auren da ake ɗaurawa a ƙasar tsakanin dangi ne. Idan uwa da uba suka gaji lalatacciyar ƙwayar halitta guda daga kaka ɗaya, ko da su kansu lafiya lau suke, kowane ciki yana da hatsarin ɗaya cikin huɗu.

A 2018 Dakta Al-Mousa da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa jarirai 8,718, ta hanyar ɗigon jinin da ake ɗiba a diddige a shanya a takarda. Sun gano cewa kimanin jariri ɗaya cikin 2,900 na ɗauke da cutar, alhali a Amurka ɗaya ne cikin 58,000. Ba lallai ne adadin ya zama hoton ƙasar baki ɗaya ba, amma ratar ta yi yawan da ba za a kau da kai gare ta ba. Muhimmancin gano cutar da wuri kuwa a bayyane yake: wani bincike da aka yi a Amurka a 2014 ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na jariran da aka yi wa dashe kafin su kai wata uku da rabi suna rayuwa.

Wannan labari ya shafi ƙasar Hausa, inda auren 'yan uwa ba baƙon abu ba ne, kuma akan ji gidan da ake ta rasa jarirai ɗaya bayan ɗaya, a ce wabi ne. Sai dai matakin Saudiyya bai dace da Najeriya ko Nijar ba. Tarin fuka ya fi yawa a waɗannan ƙasashe nesa ba kusa ba, don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar yin allurar da zarar an haihu. Iyayen da suka taɓa rasa jarirai sakamakon cututtuka masu yawan dawowa su ne ake so su shaida wa likita tun ana awon ciki.