Kayan Koyarwa na Zamani da Darasin Nazarin Zamantakewa

Darasin Nazarin Zamantakewa ya fara kafuwa a Nijeriya ne a makarantar sakandare ta Aiyetoro a shekarar 1963, sa'an nan ya ƙara ƙarfi bayan taron Mombasa na 1968. Manufarsa ita ce yaro ya san kansa da al'ummarsa da muhallinsa. To, amma sau da yawa darasin kan rikiɗe ya zama hadda: malami ya cika allo da sunayen sarakuna da shekarunsu, ɗalibai su kwafe, su amayar ranar jarrabawa, shi ke nan. Wanda ya tashi da irin wannan karatu yakan fita makaranta baƙo a garinsu.

Koyarwa da na'ura ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin Turawa ake yawo da majigi gari-gari domin wayar da kan jama'a, kuma a 1964 ƙasar Nijar ta soma koyar da 'yan firamare ta talabijin. Hikimar duka ɗaya ce, wato gani ya kori ji.

Alal misali, a ɗauki darasin fatauci. Maimakon a ce wa yara Kano ta yi cinikin goro da Gwanja, sai malami ya haska taswira da majigi, ya sa su bi hanyar fatake zango-zango, su lissafa kogunan da ayari zai ƙetare. Daga nan ya raba su rukuni-rukuni, su ɗauko muryar wani dattijon ɗan kasuwa da wayar hannu, a saurara a aji, a yi muhawara. Ta haka Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), za ta tashi daga suna a allo ta zama wurin da suke da tambaya a kansa.

Sai dai akwai hattara. Rashin wutar lantarki da cunkoson aji kan hana ruwa gudu. Daɗin daɗawa, in malami ya kunna na'ura ya koma gefe, darasi ya zama kallo. Wajibi ne ya shirya tambayoyi kafin nuni, ya kuma ba da aiki bayansa. Na'ura tana jawo hankalin yaro, amma malami ne ke riƙe shi.