Yaron da Karatu Ke Ba Wuya Ba Daƙiƙi Ba Ne

A Atonsu da ke Kumasi a Gana, yaro kan tashi da Hausa a gida, Tuwi a kan titi, Turanci a makarantar boko, da yamma kuma ga allo a gaban malam. Shi ya sa idan ya kai shekara tara yana ta tuntuɓe da haruffa, sai a ce harsuna ne suka yi masa yawa, ko a ce ƙyuya ce, a ɗauko bulala. Amma akwai yaran da ba ɗaya daga cikin biyun ke damunsu ba. Likitoci na kiran matsalarsu disleksiya.

Ba sabon abu ba ne. Tun 1877 wani likitan Jamus, Adolf Kussmaul, ya rubuta labarin mutanen da idonsu lafiya lau amma rubutu ya gagare su karantawa. A 1896 Dokta Pringle Morgan na Ingila ya bayyana wani yaro ɗan shekara 14, mai kaifin basira, gwanin lissafi, wanda malaminsa ya ce da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, da babu wanda zai kama ƙafarsa a makarantar. Ko sunansa ba ya iya rubutawa daidai.

Da yawa daga masu binciken farko likitocin ido ne, irin su James Hinshelwood na Gilasgo, don haka aka daɗe ana ɗora wa ido laifi. Binciken da ya biyo baya ya nuna abin yana wajen haɗa harafi da sautinsa a ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa yana bin jinin dangi.

To, nan ne inda za a yi hattara. Wannan tarihi yana nan a intanet, har masana biyu, Philip Kirby da Margaret Snowling, sun fitar da littafi a kansa a 2022. Sai dai ba shi ke yawo a wayoyinmu ba. Abin da ake turowa a WhatsApp da TikTok shi ne tallan tabarau mai launi da ƙwayoyin "buɗe ƙwaƙwalwa". Yawan masu kallon bidiyo ba hujja ba ne. Babu ƙwaya ko jiƙo da ke maganin wannan matsala, kar a yi asarar sidi a banza.

Abin da ke aiki shi ne koyarwa a tsanake, sauti bayan sauti, kullum, kuma tun da wuri. Iyaye, ku fara kai yaron a duba idonsa da kunnensa, ga asibitin Kumasi South nan a Atonsu Agogo. In an ce lafiya, ku sami shugaban makaranta. Gana ta amince da tsarin ilimi na bai-ɗaya tun 2015, wanda ya ba irin waɗannan yara haƙƙin samun taimako a ajinsu. Ku kuma sanar da malamin allo, don ya san da wa yake zaune kafin ya ɗaga bulala.